Muryar Kawu Latsau

Cokali ya bugi kofi sau biyu, ƙwal-ƙwal.

Mai Aski ya yaye bargon da ya lulluɓa da shi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. "Haba Yaya! A sake kuma? Wallahi na dahu a cikin bargon nan."

Mai Zane bai tanka ba, don ba shi da abin tankawa da shi. Ciwon da ya kama masa maƙogwaro ya cinye muryar ƙarƙaf, sai ɗan raɗa ya bar masa, shi ma sai ka kai kunne dab da bakinsa. Yana jingine da filo, kofin silba a kan cinya, cokali a hannu. Dokar da ya kafa ke nan: bugu ɗaya, ya yi, bugu biyu, a sake. Kuma tsohon nan, ko da yake ciwo ya rame shi har agogonsa na yawo a hannu, bai rage ko ƙwayar zarra daga tsantseninsa na aiki ba.

Mai Aski ya ja tsaki, ya gyara cingam ɗin da ya toshe giɓin haƙoransa da shi, ya koma cikin bargo da waya a hannu. A cikin bargo ake ɗaukar murya, don kada ƙarar babura da kiran masu talla su shiga. Ya matse hanci, ya karanto maganar Kawu Latsau a karo na ban san nawa ba.

Ƙwal.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Aski. "Da an ƙara ɗaya, sai dai a fito da ni a faranti."

Kafaɗun tsohon suka girgiza. Dariyarsa ke nan yanzu.

Wanda bai san Kawu Latsau ba, to bai riƙe waya ba a unguwar nan. Mutumin kwali ne, mai ƙaton tumbi da babban yatsa da ya fi kansa girma, wuyansa a lanƙwashe kamar lauje, don tun da aka halicce shi bai taɓa ɗaga kai daga wayarsa ba. Ko fuskarsa ba a taɓa gani ba, sai tsakar kai da kan hanci. Gidan maƙwabcinsa ya kama da wuta, Kawu ya tura masa hoton bokitin ruwa. Matarsa ta haihu a ɗaki, sai a waya ya gani, har ya rubuta mata, "Allah ya raya, ɗan waye?" Duk ƙarshen mako sabon fim ke fita, gajere, bai kai a sha shayi ya huce ba, mutane su yi ta dariya suna tura wa juna da wannan babban yatsan da ake yi wa ba'a.

Mai Zane a rubutun allunan shaguna ya ƙare ƙuruciyarsa. Allon da ke saman shagon Mai Aski, mai kawuna shida kowanne da irin askinsa, aikinsa ne. Da injinan buga hotuna suka shigo, buroshi ya bushe a gwangwani. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ba ta da yayye, ta samu aiki a wani gari mai nisa. Da za ta tafi ta bar masa waya don su riƙa gaisawa. Sai tsohon ya huda kujerar katako a tsakiya, ya kifa wayar a kan hudar tana kallon ƙasa, ya yanka mutanensa da kwalin sabulu, ya haɗa gaɓoɓinsu da fil. Ya matsar da hannu kaɗan ya ɗauki hoto, ya ƙara matsarwa ya ƙara ɗauka, har kwali ya tashi yana tafiya. Da wayar da aka ba shi yake zagin waya.

Bai tsaya nan ba. A katangar bakin lungu ya zana Kawu da fenti, tsawon mutum biyu, kai a sunkuye, ƙafa ɗaya a sama daidai saitin lambatun gaske da ke wurin. Mutane sukan zo daga wasu unguwanni su ɗauki hoto, kuma a cikin masu ja da baya don su samo shi gaba ɗaya, an samu waɗanda suka zurma cikin lambatun. Ranar da aka ba Mai Zane labarin na farko, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Muryar Kawu kuwa tasa ce, ta hanci yake fitar da ita. Mai Aski, da Allah ya yi shi da bakin kwaikwayo, ya daɗe yana yin ta a shago don ba wa masu jiran layi dariya. Katanga ɗaya ce tsakanin shagon da ɗakin tsohon, saboda haka duk abin nan yana ji. Ranar da muryarsa ta fara dushewa sosai, ya aika aka kira Mai Aski.

"Shekara da shekaru kana satar muryata kyauta," ya ce masa a lokacin, yana magana yana hutawa. "Yau zan ba ka aronta da izini."

Ya yi masa bayani. Auta ba ta san da ciwon ba. Ta sha wahala kafin ta samu aikin nan, kuma ba a ma tabbatar da ita ba tukuna. In ta ji, za ta watsar da komai ta taho. Ya ce mata sabis ya lalace a unguwar, saboda haka a rubuce suke gaisawa. Amma duk ƙarshen mako tana jiran fim. Muddin Kawu na magana, ita a wurinta babanta lafiya lau yake.

"Ka yi mini alkawari ba za ka kira ta ba, ba za ka rubuta mata ba."

Mai Aski ya yi alkawari. Wa zai iya kallon idon mutumin nan a ranar ya ce a'a?

Matsala ɗaya aka samu. Mai Aski yana da giɓi a gaba, kuma duk kalmar da ke da "sa" ko "su" sai ta fito masa da ɗan fito, siririn gaske. Auta tana ƙarama takan hau bencin shagonsa ta ce, "Baffa, ce sannu," in ya faɗa ta faɗi da dariya tana kiransa Baffa mai usur. Mai Zane ne ya kawo dabarar cingam. A tauna, a cusa a giɓin, fito ya mutu. Da haka suka yi fim bayan fim, babu wanda ya gane.

Ran nan da suka gama ɗauka, tsohon ya miƙo masa wayar yana murmushi, wai ya ga yabo. Saƙon Auta ne a ƙarƙashin fim ɗin makon jiya: "Baba, muryar Kawu sai ƙara garau take yi. Ashe tsufan ma tsoronka yake ji." Ta jera fuskokin nan masu ruwan ɗorawa suna dariya har da hawaye.

Mai Aski ya karanta. Ya ji kamar an wanka masa mari. Ya ce, "Madalla," ya miƙa wayar ya fita.

A gida ya tarar da matarsa tana juye kwanon da ta kai wa tsohon da rana. Yadda ta kai shi haka ya dawo.

"Ko cokali biyu bai sha ba," ta ce. "Baban yara, me likita ya ce da kuka koma?"

"Ya ce a dawo da shi gida a riƙa kula da shi."

"Ka kuwa san ma'anar wannan."

"Na sani."

"Ka sani, amma kullum kana cikin bargo kana yi wa yarinya wasan yara. Yarinyar da a kan bencin shagonka ta koyi tsayuwa! Ranar da za ta zo ta tarar an gama komai, da wane ido za ka kalle ta?"

"Na yi alkawari, ke. Ba zan kira ba, ba zan rubuta ba."

"Da baki ka yi alkawarin, da bakin kuma kake yi mata ƙarya. Sai ka zaɓi wanda za ka iya kwana da shi." Ta ɗauki kwanonta ta shige kicin.

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Washegari ya yi wa wani yaro askin da uwarsa ba ta ce a yi ba, ya yanki wani dattijo a bayan kunne, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Tsoro yake ji, tsoron gaske: kada mutumin nan ya tafi 'yarsa tana can tana tura masa fuskokin dariya, kuma ya zama da muryarsa aka rufe mata ido.

Fim ɗin makon ya ɗauki lokaci, don hannun tsohon ya fara rawa. Shi yake nunawa da cokali daga kan gado, Mai Aski yana durƙushe a gindin kujera yana matsar da kwalaye yana ɗaukar hoto. Labarin wani majinyaci ne kwance a ɗaki, ƙishirwa ta dame shi, yana miƙa hannu. Kawu Latsau yana ɗakin da ke kusa, ƙofa ma a buɗe. Ya tura masa hoton kofin ruwa. Majinyaci ya ƙara miƙa hannu, Kawu ya turo fuska mai hawaye. Ya turo wata, ya turo wata, fuskokin suna zubowa daga rufin ɗaki suna taruwa, har suka binne gadon, sai yatsun majinyacin kawai ake gani a sama.

Sai da aka zo ɗaukar murya, yana cikin bargo yana kallon fim ɗin a ƙaramin gilashin waya, sannan Mai Aski ya lura da yatsun. Akwai ɗigon shuɗin fenti a kan kowanne farce. Ya mayar da fim ɗin baya. Majinyacin yana sanye da tabarau, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya san tabaraun nan, yana nan a kan akwati kusa da gado.

Ko tsohon ya san kansa ya zana, ko hannunsa ne ya riga shi faɗa, Mai Aski bai sani ba. Yana nan a cikin bargon ya ji cokali ya taɓa kofi a hankali, alamar me ake jira. Ya sa yatsa biyu ya zare cingam ɗin daga giɓinsa, ya dunƙule shi a tafin hannu. Ya matse hanci yadda ya saba, ya danna ɗauka.

"Sannu, sannu, sannu!" in ji Kawu Latsau. "Na turo saƙo, ka samu? Sha ruwa, sauƙi na nan tafe!"

Kowace kalma ta fito da fitonta, tsaf, kamar ana kiran tsuntsu.

Ya fito daga bargo bai yarda sun haɗa ido ba. Ya kunna abin da ya ɗauka, kamar yadda suka saba, ya ajiye wayar a kan gado. Fiton ya cika ɗakin. Mai Zane ya saurara har ƙarshe. Ya dubi wayar, ya dubi bakin Mai Aski, ya dubi hannun da ke dunƙule. Sannan ya ɗaga cokali.

Cokalin ya tsaya a sama. A waje wani mai babur yana ta danna ham, wata mata tana kiran ɗanta.

Ƙwal.

Mai Aski ya jira na biyun. Ya jira har ya gaji. Tsohon ya kwantar da cokalin a cikin kofi, ya yafito shi da yatsa. Mai Aski ya kai kunne.

"Ka ɓata mini fim, mai giɓi."

"A sake, Yaya?"

Idanun tsohon suka cika. Ya lumshe su, ya juya fuska wajen bango.

"Tura."

Ana tsakiyar aski washegari da hantsi, kumfa a rabin fuskar wani direba, wayar Mai Aski ta yi ƙara. Ya ga sunan, ya ajiye reza.

"Baffa." Muryarta a daidai take, ba gaisuwa, ba komai. "Ce sannu."

"Sannu, Auta."

Yana jin numfashinta.

"Baffa, ina muryar babana?"

"An hana ni faɗa, 'yata."

"To kada ka faɗa. Ga ni nan zuwa."

Direban ya leƙo shi ta madubi. "Lafiya, maigida? Ko in je wani wuri a ƙarasa mini?"

"Zauna, malam," in ji Mai Aski yana share ido da gefen tawul. "Yau ma askin kyauta ne."

Da yammacin washegari ta iso, jaka ɗaya a kafaɗa, takalmin ofis duk ƙura. Mai Aski ne ya raka ta har ƙofar ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon abin da ya rage na babanta, ta sa hannu ta toshe baki. Tsohon ya kalle ta, fuskarsa ta yi haske ta kuma yamutse a lokaci guda. Ya lalubo cokali ya bugi kofi sau biyu.

"Me yake nufi?" ta tambaya.

"Wai a sake," in ji Mai Aski. "Ina jin cewa yake ki koma bakin aikinki."

"Aikin yana nan, Baba. Na shiga na faɗa musu babana ba lafiya, ko tambaya ta biyu ba su yi mini ba, suka ce in tafi sai na dawo. Abin da kake ta ɓoye-ɓoye a kansa ke nan." Hawaye na zuba, amma faɗa take yi masa. "Kai da kake yi wa duniya dariya a kan waya, ka zo ka ɓuya a bayanta? Kai ne Kawu Latsau na gaske!"

Kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Ta zauna a bakin gadon, ta zare cokalin daga hannunsa, ta ɗauki kofin ta ɗauraye, ta cika shi da ruwa. Ta tallafo kansa, ta riƙa ba shi da cokalin kaɗan-kaɗan. Ya sha. Mai Aski ya ja musu ƙofa ya koma shago.

Kwanakin da suka biyo baya, ɗakin ya canza. Ta buɗe tagar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta wanke labule, ta kwashe kwalaben magani daga kan akwati. Kwanon matar Mai Aski ya fara dawowa da ɗan ragi. Ta katanga Mai Aski yakan ji ta tana ba shi labarin wurin aikinta, tana kwaikwayon shugabarsu, sai ya ce a ransa ashe bakin nan ba a banza ta zauna a bencinsa ba. Tsohon ya koya mata yadda ake matsar da hannun kwali ba tare da ƙafa ta goce ba. Wata rana ya sa aka ari ƙaramin almakashin Mai Aski, ya kore su duka daga ɗakin, ya yini yana wani abu a ƙarƙashin mayafi.

Ranar da tsohon zai bar duniya, da safe ya shafa haɓarsa ya nuna katanga. Auta ta leƙa shago ta ce, "Baffa, kwastomanka na kira." Mai Aski ya zo da reza da ruwan ɗumi. Ya yi masa gyaran fuska a hankali, yana tallafe da haɓar da ta zama ƙashi zalla, yana ba shi labarin wani mai kaya a ka da ya kusa zurmawa lambatu jiya wajen kallon Kawu. Da ya gama ya riƙe masa madubi. Tsohon ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa gefen madubin sau ɗaya.

Kafin rana ta take, Auta ta fito ta tsaya a ƙofar shago. Mai Aski ya kashe injin aski, ya cire rigar aiki ya rataye.

"Hannuna yana cikin nasa, Baffa," ta ce. "Ina nan. Ina nan har ya tafi."

"Allah ya jiƙansa," in ji Mai Aski, kalmar ta fito masa da fito, su biyun suka yi wata irin dariya da kuka a cikinta.

Labari ya bazu a waya, kamar yadda komai ke bazuwa. A ƙarƙashin fim ɗin ƙarshe fuskoki masu hawaye suka yi ta zubowa, ɗari bisa ɗari, har Auta ta nuna wa Mai Aski ta ce, "Ka ga, sun binne shi yadda ya zana." Amma ba a nan abin ya tsaya ba. Mutane suka zo da ƙafafunsu. Lungun ya cika da fuskokin da ba wanda ya sani, ɗalibai, 'yan kasuwa, wata tsohuwa da ta ce jikanta ne ke kunna mata Kawu. Wani matashi ya ce wa Mai Aski shi bayan ya kalli fim ɗin majinyacin nan, a ranar ya hau mota ya je ya ga mahaifiyarsa. Wasu samari kuma suka kawo katako suka rufe lambatun bakin katanga, Mai Aski yana kallonsu yana tunanin da mai katangar na nan da ya ce sun kashe masa rabin wasa.

Da aka watse, Auta ta roƙe shi ya taya ta gyara ɗakin. Ta ce kujerar da kwalayen da ita za su tafi, tana so ta gwada ko hannunta zai iya. "Murya kuma sai ka turo mini, Baffa. Ba cingam."

Ta durƙusa za ta tattara mutanen kwalin, sai ta tsaya. A gindin kujerar, daidai ƙarƙashin hudar, akwai wani sabon Kawu Latsau, almakashin Mai Aski a gefensa. Yankan ya karkace, gefunan duk ba su daidaita ba, aikin hannu mai rawa. Tumbin yana nan, ƙaton yatsan yana nan. Sai dai wannan an yanke masa kai daban, an haɗa shi da wuya da fil.

Mai Aski ya durƙusa kusa da ita. Auta ta sa kan yatsa a ƙarƙashin haɓar kwalin, ta tura a hankali. Kan ya ɗago. Ashe yana da idanu, manya, zagayayyu, irin na wanda aka tasa daga barci.

Babu waya a kan kujerar. Hasken taga ya ratso ta hudar ya sauka a fuskarsa, su biyun suna durƙushe suna kallo.